Katin da Pam Ya Cire wa Fanka

Yanzu duk yaron da ya kalli bidiyo a waya ya zama injiniya. Sukan shigo shagona da manyan ledoji, madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, a kwali, fawa mai raba wa kayan wuta a kwali, su ce, "Baba, haɗawa kawai za ka yi, na riga na gani, ba wani abu ba ne." Sai in ce to, ga kujera, zauna. Ba ƙarya suka yi ba, haɗa kwamfuta ba wuya. Kowane abu da raminsa, ba ka iya cusa wannan a gurbin wancan sai da gangan. Wuyar tana wajen zaɓe, kuma a cikin kayan da ake zaɓa babu mai kunyata mutum kamar katin kontrola. A kan katin nan wata yarinya 'yar Vom ta kusa shiga ɗakin miji ba ta sake ganin ubanta yana motsi ba. Zan zo kanta, amma sai kun san katin tukuna.

Aikin farko da maigidana Oga Chidi ya yarda na sa hannu a ciki shi ne riƙe gwangwanin madara. Shi yana kwance kusoshi, ni ina tara su. Ubana tela ne, kakana haƙar kuza ta kawo shi Jos, ni kuma aka kai ni wajen Oga Chidi in koyi gyaran tafireta, sai sana'ar ta juye kwamfuta a hannunmu muna kallo. Na daɗe a kan gwangwanin nan har na fara tunanin mutumin ya manta da ni. Ranar da ya miƙo mini sukurdireba, kafin in kai hannu kan allon cikin kwamfuta sai ya buge mini yatsu. "Taɓa ƙarfen ƙofa fes," ya ce. A garin nan lokacin sanyi ko hannun ƙofar mota ka kama sai ya tsikare ka, kuma wannan ɗan tsikarin da kai za ka yi wa dariya ya isa ya kashe allo. Har gobe ba na taɓa cikin kwamfuta sai na taɓa ƙarfe, ko da damina ce.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Sukurdireba mai maganaɗisu, buroshin fenti mai laushi, buluwar busa ƙura, mitar gwada wuta, tocila da kake riƙewa da haƙori idan hannu biyu sun shiga ciki. Sauran a jikinka suke. Kunne ne ke gaya maka faifai ya fara ciwo, don lafiyayye gurnani yake a hankali, mai ciwo kuwa ƙyas-ƙyas yake kamar ana yanke farce. Bayan yatsa ne ke gaya maka zafi. Hanci kuma shi ke kawo labarin da ba ka so, don idan ka ji ƙauri to an gama.

Ga yadda katin yake. Duk abin da kwamfuta ta ajiye yana cikin faifan ajiya, wanda mu a kasuwa muke cewa haddis. Madabod yana da bakuna kaɗan da ake jona faya-fayan. Idan faya-fayanka sun fi bakunan yawa, sai ka sayi kati ka soke a madabod, ya ƙara maka bakuna. Iri biyu ne. Akwai wanda nake kira wawan kati, shi ba ruwansa, abin da aka ba shi yake miƙawa, kowane faifai yana zaman kansa. Ka cire faifan ka kai kowace kwamfuta a Jos, zai buɗe. Akwai kuma kati mai wayo. Shi idan ka ba shi fim guda sai ya yayyanka shi ya rarraba a faya-fayai, kamar matar da ta raba nama a tukwane ita kaɗai ta san inda kowane yanka yake. Yana da sauri, kuma ko faifai ɗaya ya mutu ba ka yi asara ba. Amma ranar da shi katin ya mutu, faya-fayan suna nan lafiya lau, babu wanda ya san yadda zai haɗa abin da ke cikinsu.

Wani ɗalibi da ke haya a wajen Farin Gada ya taɓa kawo mini irin mai wayon nan, tokumbo, yana murna ya samu da araha. Na juya shi na ce ina kebul ɗinsa? Ya ce wane kebul? Bakin katin daban yake da na gida, kuma kebul ɗin ko ka zaga garin nan da ƙafa ba za ka samu ba. Muka gwada soke shi, katin hoto ya rufe ramin. Na duba ɗan batirin da ke maƙale a jikinsa, wanda ke riƙe aiki idan an ɗauke wuta, ya kumbura kamar ƙosai. Na tambaye shi faya-fayai nawa gare shi, ya ce biyu. Madabod ɗinsa na da bakunan da suka ishe shi har da saura. Ya tafi da katin a aljihu, ina jin yanzu takarda yake dannewa da shi.

Shi ya sa kafin in ce wa mutum sayi wannan, sai na yi masa tambayoyi har ya gaji. Me za ka ajiye? Idan ya ɓace, kuka za ka yi ko tsaki? Gidanku ana ɗauke wuta, ko kana da inbata? Ramin da ke madabod ɗinka zai ɗauki katin? Fawarka za ta iya tayar da faya-fayan gaba ɗaya? Wani dattijo a Rayfield da ya yi ritaya, na gama masa tambayoyin nan ya ce ko likitansa bai taɓa titsiye shi haka ba. Muka rabu ba tare da ya sayi komai ba, ya cika mini but ɗin mota da fiya daga bishiyar gidansa.

Shekarar da gari ya rikice ita ce shekarar da na ɗanɗana. Aka sa dokar hana fita, aka rufe shaguna, da aka buɗe kuma kowa ya koma sayayya a ɓangarensa. Rabin masu kawo mini aiki suka daina zuwa unguwarmu, ni ma ba na iya zuwa tasu. Oga Chidi ya tattara iyalinsa ya koma garinsu, ya bar mini mita da buluwa da benci. Na koma gyara cajar waya da zuba wa masu lodin tumatir waƙoƙi a memori. A wannan shekarar, daga can ɓangaren, mutum ɗaya ne bai daina nemana ba, shi ne Pam.

Pam mai ɗaukar bidiyo ne daga Vom, wani gari kusa da Jos. Bikin aure, bikin godiyar girbi a coci, suna, saukar karatu, duk inda aka taru za ka gan shi da kyamara a kafaɗa yana tafiya da baya. Yakan sa kwamfuta a buhun shinkafa ya kira ni, mu haɗu a wani gidan mai da ke tsakiya, ya miƙo mini kamar masu fasa-ƙwauri, muna dariya. Da gari ya lafa sai ya ce zai haɗa babbar kwamfuta da hannunsa a gida, ya zuba duk aikinsa a ciki, har tsofaffin kaset da ya juya. Ya je ya samo kati mai wayo, irin wanda ake cirowa daga manyan injinan bankuna na ƙasashen waje. Na ce masa katin nan an yi shi ne don ɗaki mai na'urar sanyi, inda fankoki ke ruri kamar injin niƙa. Ya ce yana son saurinsa. Na ce to, na ɗaura masa 'yar fanka a kan ƙarfen da ke shanye zafin katin, na ce kada ya raba su.

Bayan wani lokaci ya kawo mini wani aikin, muna hira ya ce ai ya cire fankar. Ƙararta tana shiga makirfo idan yana ɗora murya a kan fim.

Na ce, "Pam, za ka dafa katin nan."

Ya ce, "Haba Malam Tasi'u! Vom ne fa. Da safe ruwan randa sef ba ya taɓuwa. Wane zafi?"

Wannan cuta ce ta mu mutanen Jos, ban ware kaina ba. Muna alfahari da sanyinmu har muna ganin ya shiga ko'ina. Ba ma sayen fanka, muna yi wa baƙi dariya idan sun nemi bargo. To amma cikin akwatin kwamfuta ba Jos ba ne. Ka rufe murfin nan, ka kunna faya-fayai, a ciki Maiduguri ce da azahar. Na faɗa masa, ya yi dariya ya ce zai mayar. Kuma abin mamaki katin ya yi ta aiki shekara da shekaru, har Pam ya kwanta ciwo, har Allah ya yi masa rasuwa. Matarsa, Maman Chundung, ta ɗauki kyamarar ta ci gaba da sana'ar.

Wata safiya sai ga ta a ƙofar shago, ita da ƙanenta Davou, sun kinkimo akwatin nan a nannaɗe da zane. Bayan mun gaisa na yi mata ya ƙarin haƙuri, ta ce, "Malam, kwamfutan babansu yana kuka. In na kunna, zai yi aiki kaɗan, sai ya yi fiii, ya tsaya."

Na buɗe murfin. Babu fanka. Ƙarfen katin ya sauya launi, allon da ke kewaye da shi ya yi ja kamar gasasshen burodi. Na kunna, na sa bayan yatsa, kafin a ce me na janye hannu.

Sai ta gaya mini abin da ya kawo ta. 'Yarsu Chundung za ta yi aure, saura 'yan kwanaki a yi mata sandof, wato walimar da iyayen amarya ke yi na sallamar 'yarsu. A wurin akan haska hotunan yarinya tun tana ƙarama. Chundung ta ce ita abu ɗaya take so, a nuna babanta. To Pam ya ɗauki rabin Vom a bidiyo, amma shi ba ya cikin ko ɗaya, kullum yana bayan kyamara. Sau ɗaya tak, a wani biki, ya miƙa wa matarsa kyamarar ya shiga fili ya yi rawa da yarinyar a wuyansa. Wannan ɗan guntun yana cikin akwatin nan, kuma babu shi a ko'ina a duniya sai nan.

Davou ya ce, "Oga, ba sai a cire haddis ɗin a sa a wani kwamfuta ba?"

Na ce da wawan kati ne, da yanzu kuna hanyar gida. Na zaunar da su na shimfiɗa musu zaɓin yadda yake. Hanya ta farko, a nemo kati irin wannan sak daga Legas. Zai iya zuwa a kan lokaci, zai iya makara. Idan ya zo, zai iya gane faya-fayan, zai iya kuma ya ce bai san su ba, ya tambaya ko ya share su ya fara sabo, kuma a wannan tambayar maɓalli ɗaya ne tsakaninka da asarar komai. Hanya ta biyu, in haɗa sabuwar kwamfuta da wawan kati da sababbin faya-fayai, mu lallaɓa wannan tsohon ya rayu, mu kwashe abin da za mu iya kafin ya cika. Amma duk kunnawar da aka yi masa, ana rage masa kwana ne.

Ta kalli akwatin. Can ta ce, "Wannan wawan, in shi ma ya mutu fa?"

Na ce, "Ki cire faifan ki kai wa kowane yaro a bakin titi, zai buɗe miki."

Ta ce, "Shi nake so. Na gaji da abu mai wayo."

Zaɓen sabon katin bai ɗauke ni lokaci ba, don na san abin da nake nema. Mai bakuna isassu, wanda kebul ɗinsa irin na gida ne, wanda kwamfuta ke ganewa ba sai an roƙe ta ba, ba batir, ba wayo. Na juya shi a hasken rana na duba rubutun jikinsa, don akwai na jabu da ake goge wa suna a sake bugawa. Na sa masa fanka duk da ba ya zafi sosai, na ɗaure ta da waya yadda sai da filaya za a cire. Tsohon ne ya ba ni wahala. Na ɗaga ƙarfensa, man da ke ƙarƙashi ya bushe ya zama alli. Na goge na shafa sabo, na kafa masa fanka biyu, na bar murfin a buɗe. Ya ɗan ƙara daɗewa, sannan ya yi kukansa ya tsaya. Fina-finan biki kuwa manya ne, a wannan tafiyar ko kwata ba za mu kwashe ba.

Davou yana tsaye yana kallo ya ce, "Wai sanyi kawai yake so?" Na ce sanyi kawai. Ya ce, "To ai muna da shi." Ashe a wani ƙaramin gidan madara yake aiki a Vom, inda suke yin yogot, kuma suna da ɗakin sanyi.

Washegari da sassafe muka loda kwamfutoci biyu a bayan motar madara. Mai gidan, da ya ji labarin, ya ce Pam ne ya ɗauki bikinsa, mu shiga, janareta ma a kansa. Ban kai injin can ƙurya ba, don faifai shi ma ba ya son sanyi ya yi masa yawa. Na kafa tebur daga bakin ƙofa ta ciki, tsakanin jarkokin madara, na jona tsohuwa da sabuwa da kebul. Ni da nake yi wa baƙi dariya, ranar rigar sanyi biyu na sa, da hular Davou a kan tawa.

Na kunna. Foldoji suka fito, ɗaruruwa, kowace da sunan masu biki. Na ce, "Maman Chundung, wanne ne?"

Ta ce ba ta sani ba. Shekarun da yawa, bukukuwan da yawa. Abin da ta tuna kawai, yarinyar ba ta shiga firamare ba a lokacin, kuma an yi ruwa ranar. Na ce to za mu fara daga mafi tsufa mu gangaro, amma ta sani, idan katin ya mutu a hanya, na baya-bayan nan ne za su tafi, kuma a cikinsu akwai aikin mutane. Ta ce waɗannan ta riga ta ba masu su nasu. "Fara da na da," ta ce.

Aikinmu a irin wannan rana zama ne da kallon wani ɗan layi yana tafiya a allo. Nakan sa yatsa a ƙarfen katin, in ji shi da ɗumi kawai, in ce alhamdu lillahi. Ita tana daga waje a kan benci tana leƙowa, tana addu'arta, ni ina tawa. Davou ya kawo mana yogot, na ce a wannan ɗakin shayi ya kamata ya kawo. Na fita na yi azahar a gefen mota, na dawo, layin yana nan yana tafiya. Katin da ba ya iya minti kaɗan a shagona ya yi aiki tun safe har rana ta karkata.

Wajen la'asar na ji ƙaurin. Kafin in kai hannu ya yi kukan nan, allon ya daskare. Na kashe, na jira, na sake kunnawa. Ko fitilarsa ba ta kama ba. Na gaya mata gaskiya, na ce ya tafi, kuma abin da muka kwashe ya ɗan fi rabi.

Ba a fito da injin daga sanyi a kunna shi nan take, don yana yin gumi kamar kwalbar lemo, ruwan kuma ya kashe shi. Na naɗe sabuwar da bargo muka kai ta ofishin mai gidan, muka zauna muna jiran ta huce. Wannan jiran ya fi na cikin ɗakin sanyi tsawo a wurina. Da na tabbata ta bushe na kunna, muka fara buɗe bukukuwan ɗaya bayan ɗaya, ina ja da sauri, muna neman ruwan sama. Amare suka yi ta wucewa, da mawaƙan coci, da tsofaffi da yawansu sun rasu, Davou yana kiran sunayensu. Mun kusa ƙarshen abin da muka samu sai ga wani biki da mutane suka takure a ƙarƙashin rumfa, ƙasa ta jiƙe.

Ta ce, "Tsaya."

Hoton yana tafiya sumul, irin hannun Pam. Sai kawai ya karkace, aka ga sama, aka ga laka da takalma, sannan ga shi. Siriri, da farar riga da ta jiƙe, yarinya a wuyansa ta cafke masa kunnuwa, yana juyi a tsakiyar fili yana ɗaga ƙafa, yana ihu yana nuno kyamara: "Hannu biyu, mata! Riƙe da hannu biyu!" Hoton yana ta rawa, kan Pam yana fita yana dawowa.

Na yi shekaru a sana'ar nan, na ji daɗin ayyuka da yawa, amma ban taɓa jin daɗi irin na wannan la'asar ba. Nan take na kwafe guntun a faifai na biyu, na sa a memori, na tura a wayar Davou. Sannan na ce mata, "Akwai abin da ake sa wa hoto ya daina girgiza. Kafin ranar sandof zan daidaita miki shi, ya tsaya cak."

Ta goge ido da bakin zanenta. Ta ce, "A'a, Malam, bar shi haka. Dariya nake yi lokacin, shi ya sa hannuna yake rawa."